Zauren Tambaya: Yaren da sojan Ailan ke fareti da shi

A fitowar da ta gabata, da nake lissafa ƙasashen da suka taɓa turo soja Chadi, na ambaci Ailan, ƙasar tsibirin nan da ke yamma da Birtaniya, a layi ɗaya. Layin nan ya jawo wasiƙu. Na zaɓi huɗu, duk a kan yaren mutanen ƙasar.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni direban babbar mota ne. A 2008 na yi ta kai kaya sansanin sojan Turai da ke Goz Beida, can gabas. 'Yan Ailan ne a wurin. Ingilishi suke yi a tsakaninsu, don ina ɗan tsinta. Amma da an tsaya fareti sai sajan ya juya harshe, in ji yana cewa wani abu kamar "kile, jas, kile". Na tambayi ɗaya, ya ce yaren ƙasarsu ne, amma shi ma kaɗan ya iya. Yaya sunan yaren? Kuma ta yaya mutum zai zama sojan ƙasa bai iya yarenta ba?
Alhaji direba, Injamena

AMSA: Alhaji, kunnenka ya ji daidai. Hagu, dama, hagu yake cewa, su kuma suna rubuta shi clé, deas, clé. Rundunar Ailan da yaren gado take ba da umarnin fareti, a gida ko a waje, sauran aikin yini kuwa duk da Ingilishi. Waɗanda ka gani na rundunar Tarayyar Turai ne da aka turo saboda 'yan gudun hijirar Darfur, kuma babban kwamandan aikin gaba ɗaya ɗan Ailan ne, Janar Patrick Nash. A 2009 suka koma ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2010 suka tattara suka tafi.

Masu yaren suna ce masa Gaeilge, a baki kamar ka ce Gelge. In da Ingilishi suke magana, Airish suke cewa. Baƙi ne ke yawan kiransa Gelik, sunan da a yau ya fi zama a kan ƙaninsa na tsaunukan Sukotilan. Su biyun da na tsibirin Man uwa ɗaya uba ɗaya ne, daga Ailan aka ƙetare teku da su. 'Yan'uwansu na nesa su ne yaren Wels da na Buretan a arewa maso yammacin Faransa. Kada wani ya ce maka karin Ingilishi ne. Mutumin Landan in ya ji shi baki zai saki. Tsoho ne kuma, don tun wajen ƙarni na 4 ake sassaƙa shi a gefen duwatsu da wani rubutu na zane-zane da ake kira Ogham.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi. Ingila ta yi ɗaruruwan shekaru tana mulkin tsibirin. Kotu da Ingilishi, takardar gona da Ingilishi, babban ciniki da Ingilishi, sai yaren gado ya koma na talakan ƙauye. A 1831 aka kafa makarantun gwamnati, da Ingilishi ake koyarwa a cikinsu. Sannan daga 1845 zuwa 1852 aka yi babbar yunwa. Cuta ta shiga dankalin turawa, wanda shi ne tuwon talaka a can safe da dare. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Ingila da sauran wurare. Mafi yawansu talakawan yamma ne da kudu, wato ainihin masu yaren. Iyayen da suka tsira sai suka yi lissafi: yaron nan ko ba jima ko ba daɗe jirgi zai hau, to gara ya hau da Ingilishi a bakinsa.

Akwai wani kara da ake rataya wa yaro a wuya a wancan zamani, bata scóir. Duk sanda aka ji ya yi yaren gida sai a yi wa karan tsaga, da yamma a ƙirga tsagar a yi masa bulala daidai da ita. Abin takaicin, sau da yawa da yardar iyaye ake yi. Mu da muka yi bokon Faransanci ba sai an fassara mana ba. A makarantarmu ƙashin muƙamuƙin akuya ne aka huda aka sa wa igiya, sambol muke ce masa. Wanda ya kuskura ya yi Hausa ko Fulatanci shi zai rataya, sai ya yi ta laɓe a bayan 'yan'uwansa lokacin hutu yana kasa kunne, ko ya samu wanda zai sauke wa kafin a tashi. Har yau ina tuna warin igiyar nan.

Daga baya sun farga. A 1893 aka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge don farfaɗo da yaren, kuma shugabanta na farko, Douglas Hyde, shi ya zama shugaban ƙasa na farko a 1938. Bayan 'yancin kai na 1922 aka wajabta yaren a makarantu. Kundin tsarin mulki na 1937 ya ce shi ne harshen ƙasa, shi ne na farko a hukumance, Ingilishi na biyu. Sojan da ka tambaya ya yi fiye da shekara 10 yana karanta shi a aji. Amma ya fito waje ba mai yi masa shi, a shago ko a gida. A ƙidayar 2022, mutum wajen miliyan 1.9 suka ce sun iya, cikin al'umma ta miliyan 5 da ɗoriya. Masu yin sa kullum ba a cikin makaranta ba kuwa ba su wuce 72,000 ba. Ga yawancinsu ya zama babbar rigar salla: ana alfahari da ita, ana fito da ita ranar taro, a ninke a mayar akwati.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya samu gurbin karatu a Dablin, babban birnin Ailan. Yana da Faransanci, ya kuma yi Ingilishi. Yanzu an ce min ƙasar tana da wani yare na hukuma. Dole ne ya koya kafin a karɓe shi? Hankalina ya tashi.
Hajiya, Marwa

AMSA: Hajiya, kwantar da hankalinki, Allah ya sanya albarka a karatun. Ingilishinsa ya ishe shi a jami'a, a banki, a asibiti, a wurin 'yan sanda. Ba a neman Gaeilge a wurin ɗalibi baƙo. Sai fa in wata rana ya ce zai koyar a firamarensu, nan kam sai ya ci jarrabawar yaren.

Amma zai gan shi ko'ina, tun daga filin jirgi. Allunan hanya da yare biyu ake rubuta su. Dablin ɗin ma wani sunan gare ta, Baile Átha Cliath, ƙasar kuma Éire, haka zai gani a kan kuɗin ƙarfe da kan sarki na wasiƙa. Firayim minista Taoiseach ake ce masa ko a labaran Ingilishi, majalisar wakilai Dáil, ɗan sanda Garda. Waɗannan kowa da su yake amfani, har wanda ya faɗi jarrabawar yaren.

Ki gaya masa abu biyu. Na ɗaya, ƙofar bayi. A wasu wurare za a rubuta Fir a ɗaya, Mná a ɗaya. Ɗan Faransanci yana ganin F zai ce na mata ne ya nufi ɗayan. To Fir maza ne, Mná mata. Na biyu, sunayen abokan karatu. Kada ya karanta su yadda idonsa ya gani. Seán, Shon ne. Siobhán, Shivon. Niamh, Niv. Ya tambayi mai suna yadda ake faɗa, ba abin kunya ba ne, Ingilishawa ma tambaya suke. In kuma yana so ya faranta wa tsohuwar da zai yi haya a gidanta, ya koyi gaisuwa: Dia duit, wato Allah ya kasance tare da ke. Mutane ne da sunan Allah ke cikin gaisuwarsu, kamar mu.

TAMBAYA: Baba Malam, ni malamin makaranta ne. Na karanta cewa yaren Ailan kashi uku ne. Wanne ne na daidai? Ina tambaya ne don in mun je Kano dariya ake wa Hausarmu. Sannan, da gwamnati za ta sa Hausa a makarantu ta ba ta matsayi kamar yadda Ailan ta yi, ba shi ke nan mun tsira da ita ba?
Malamin firamare, Ngaundere

AMSA: Ɗana, uku ne, kuma duk na daidai ne. Akwai na kudu, na lardin Mansta, da ake yi a Keri da Kok da Watafod. Akwai na yamma, na Konakt, a Konamara da tsibiran Aran da Meyo. Akwai na arewa, na Alsta, a Donegal. Yankunan da yaren ke raye a bakin jama'a ana kiransu Gaeltacht, yawancinsu ƙauyuka ne a bakin tekun yamma, nesa da juna, ƙasar masu Ingilishi ta raba tsakaninsu. Shi ya sa kowanne ya bi hanyarsa. Ka ɗauki "yaya kake". Mutumin kudu zai ce Conas atá tú, na yamma Cén chaoi a bhfuil tú, na arewa Cad é mar atá tú. Ko sunan yaren ba su haɗu a kai ba: Gaeilge na yamma ne, a kudu Gaelainn za ka ji, a arewa Gaeilic. Na kudu yakan kai nauyin murya gaɓar baya in tana da dogon wasali, na arewa kuma ya fi kusa da na Sukotilan. Na lardin gabas, inda Dablin take, ya riga ya mutu.

Ga inda suka bambanta da mu. Mu an ɗauki Kananci an gina daidaitacciyar Hausa a kansa. Su ba lardin da ya yarda a ɗora na wani a kansa, sai a 1958 gwamnati ta fitar da ƙa'idar rubutu da ta tsakuro daga ukun, An Caighdeán Oifigiúil. Ta takarda ce, ta doka da littafin makaranta. Ba ta ce ga yadda za a furta ba, kuma ba ƙauyen da ake hira da ita a bakin murhu. Abin da ya fi kusanta su a ganina rediyo ne. A 1972 aka buɗe Raidió na Gaeltachta, hedikwata a Konamara, da ɗakunan watsa shiri a Donegal da Keri, kowane mai gabatarwa da karin garinsu. Manomin Keri da a da ke cewa ba ya gane ɗan Donegal, da ya yi ta jin sa kullum sai kunne ya saba. A 1996 talabijin ta biyo baya, wadda yanzu ake kira TG4. Saboda haka in za ka rubuta, bi ƙa'ida. In za ka yi magana, yi Hausar da ka sha a nono. Basakkwace yana cewa "mi kaka yi" a tsakiyar Kano, ba wanda ya kore shi.

Batun gwamnati kuwa, ina so, kuma zan yi murna in ga ranar. Amma duba abin da Ailan ta zuba. Tsarin mulki, darasi na dole, rediyo, talabijin, dokar harsuna ta 2003, kujera cikin harsunan Tarayyar Turai tun 2007. A Ailan ta Arewa ma, da ke ƙarƙashin Birtaniya, an yi masa doka a 2022. Kowace bazara ana kai 'yan sakandare ƙauyukan Gaeltacht su yi wajen mako uku a gidajen mutane, kuma a wasu wuraren wanda aka kama yana Ingilishi gida ake mayar da shi. Karan nan ne ya juyo da baya. Duk da haka, a cikin Gaeltacht ɗin kanta masu yin yaren kullum wajen 20,000 ne kawai a 2022. Inda ake ganin ci gaba shi ne makarantun birni da ake koyar da komai da yaren, har lissafi, Gaelscoileanna, kuma yawancinsu iyaye ne suka tashi suka nema, ba daga sama aka sauko da su ba.

Hausa ba ta cikin halin Gaeilge, miliyoyin mutane ke kwana su tashi da ita, kasuwa ma tana bayanta. Abin da ke damuna na cikin gida ne. A unguwarmu nan Garwa, uwa za ta ce wa yaro "kawo min buta", ya kawo, amma ya amsa da Fulatanci ko Faransanci. A Injamena da Kuseri da Larabci zai amsa. Yana ji, ba ya mayarwa. Ɗansa kuma ko jin ba zai yi ba. Haka aka yi a ƙauyukan Ailan bayan yunwa, kaka da jika a ɗaki ɗaya sai da tafinta. Kai da ke da aji a hannu, ka fara da tambayar yaranka Hausawa da wane yare suke yi wa uwayensu magana, ka rubuto min abin da suka ce.

TAMBAYA: Kaka, wai da gaske ne yaren ba shi da "e" da "a'a"?
'Yar sakandare, Garwa

AMSA: Da gaske ne, amaryata. Da aikatau ake amsawa. In aka ce "kin ci abinci?" sai ki ce "na ci" ko "ban ci ba", ba wata gajeriyar hanya. Aikatau ɗin kuma shi ke buɗe jimla, kamar a Larabcin littafi: sha yaro ruwa. Har cikin Ingilishinsu abin ya bi su, ki tambayi ɗan Ailan ko zai zo, maimakon e sai ya ce miki "zan". Farkon kalma ma canzawa yake: mace bean ce, amma in an ce "macen" sai ta koma an bhean, a furta ta kamar "an van". Wannan ne ke sa 'yan makarantarsu kuka. In kina son jin yadda yake a kunne, rediyon nan da na faɗa wa malamin Ngaundere yana kan intanet, ki ari wayar babanki bayan kin gama aikin gida.