Hidimar mako 2 a wata ƙasa: ta ina za a fara?

'Yar'uwa, kin ce 'yan ikkilisiyarku za su tafi hidimar mako 2 a ƙasar waje, kina tsoron kada ku zame wa masu masauki nauyi. Tsoronki yana da tushe.

Ku fara tambayar faston can abin da suke buƙata. Mu da muka je mun yi wa makaranta fenti, ashe akwai masu fenti a unguwar suna neman aikin. Har yau abin yana damuna. Kada ku ɗauki hoton yara sai iyayensu sun yarda, wanda ba ma'aikacin lafiya ba kuma kada ya raba magani.

Ku ga likita da wuri, don katin rigakafin cutar shawara sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki. Batun biza, ofishin jakadancin ƙasar za ku tambaya.