Awa nawa ne daga Ambursa zuwa Madina?

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce Inna za ta sauke farali bana, wani ya gaya miki tafiyar awa huɗu da rabi ce, wani kuma ya ce kusan bakwai, har kin rasa wanda za ki gaskata. Na yi wa tsofaffinmu rakiya a wannan hanya, kuma a ganina duka biyun ba su yi ƙarya ba.

Daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa a jihar Kebbi zuwa Madina, in aka miƙe sak, tazarar ta ɗan haura kilomita 3,900. Jidda ta fi kusa kaɗan, wajen 3,800. Babban jirgin alhazai idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 ko sama da haka a awa ɗaya. Ki raba, za ki samu awa huɗu da rabi da 'yan kai. Lissafin mutumin farko ke nan, amma bai sa lokacin da jirgi ke ɗauka kafin ya hau sama ba, da wanda yake ɗauka yana sassautowa, da jiran izinin sauka. Wannan kaɗai yakan ci rabin awa.

Abin da ya fi canja lissafin shi ne Sudan. Miƙaƙƙiyar hanyarmu ta kan Chadi da Sudan take bi, ta haye Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo sosai. Don haka wanda ya je kafin 2023 da wanda ya je bayanta ba za su ba ki amsa ɗaya ba. Ki tambayi jami'an hukumar alhazai hanyar da jirgin bana zai bi.

Sai agogo, wanda shi ya fi ruɗa mutane. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, kuma lokacin sauka da ake rubutawa na can ne. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe ya yi awa biyar, ƙarfe 3 ya sauka a agogonmu, amma a Madina ƙarfe 5 na yamma ne. Mai kallon takarda sai ya ce awa bakwai aka yi. A dawowa kuma sai ya ga kamar uku.

Tunda kin ce Inna tana da ciwon suga, don Allah kada ki tsaya a kan awannin sama kawai. Zaman sansanin alhazai, awon kaya, tantance fasfo, sannan layin da ke jiran su bayan sauka, sau da yawa sun fi zaman cikin jirgin gajiyar da tsoho. Maganinta da ɗan abin taɓawa su kasance a jakar hannu, kada a sa su cikin babbar jaka da za a shigar ƙarƙashin jirgi. Ki nemi wata a ayarinsu ta riƙa tuna mata lokacin shan magani da agogon gida har su sauka, sannan likitan tawaga ya daidaita mata da na can. Kuma in awa shida ta wuce ba ki ji muryarta ba, kada hankalinki ya tashi, yawanci neman layin waya ne ke jinkirta kiran. Allah Ya kai ta lafiya, Ya karɓi ibada.