Amsa: Yaya yara za su kwana da yunwa a Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske akwai yaran da ba sa ƙoshi a Amurka, kuma me ya sa abin ya bambanta a cikin jiha ɗaya. Wallahi akwai.

Ɗauki jihar Misisipi mai gundumomi 82, wato kamar ƙananan hukumomi a wajenmu. Ƙungiyar Feeding America tana fitar da taswirar ƙarancin abinci gunduma-gunduma tun 2011, kuma kullum gundumomin yankin Delta da ke yammacin jihar, irin su Holmes da Humphreys, na cikin waɗanda abin ya fi ƙamari. Gundumar Madison da ke gefen Jakson, babban birnin jihar, tana da sauƙi sosai, alhali tana maƙwabtaka da Holmes.

Ba irin yunwar fari ba ce. Kuɗin katin tallafin abinci na SNAP ne ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, sai uwa ta ce ta ƙoshi don yara su cinye abin da ya saura. A ƙauyukan Delta babban kanti na da nisa, wanda ba shi da mota sai ya dogara da shagon gidan mai, inda ba kayan lambu, sai kayan ƙwalam da lemon kwalba. Ƙasar noma ce mai albarka, amma auduga da waken soya aka fi shukawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hutun bazara. Yaro ya saba karin kumallo da abincin rana a makaranta, an rufe, shi ke nan. A 2024 gwamnatin tarayya ta ware dala 120 ga kowane yaro mabuƙaci na lokacin hutun, amma Gwamna Tate Reeves ya ƙi shigar da jihar cikin shirin.