Habu, Kan Maganar Ɗinkin Mata

Jiya muna rufe shago ka ce in mayar da kai teburin kaftani, wai a majalisarku ta Ƙofar Ƙaura an fara ce maka ɗan daudu, don an gan ka kana ɗora leshi a wuyan rigar amarya. Na yi shiru ne saboda raina ya ɓaci, kuma ba da kai ba.

Je ka tambayi kakanka su wa ke ɗinkin babbar riga a Katsina kafin keken Singer ya shigo. Maza ne, da yawansu ma malamai da gardawa. Mutum ya zauna a zaure da allura da zare, ya kwashe watanni kan riga mai zanen aska takwas guda, rigar da basarake zai sa ya hau doki ranar hawan sallah. Mata su yi kaɗi da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi. A Ingila kuwa an daɗe ana ɗaukar surfani aikin 'yan mata. Yau hular da ke kan masu yi maka dariya, da wuya in ba wata mata ce ta ɗinka ta a tsakar gida ba. Mai shayi yana soya musu ƙwai kullum da dare, ba wanda ya taɓa ce masa uffan, amma ya kuskura ya tuƙa tuwo ka ji suna. Nana A'isha ta ba da labarin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana ɗinke tufarsa da hannunsa, yana taya iyalinsa aiki. Waye a majalisar taku ya fi shi mazantaka?

Kuma ka sani ba kowa nake ɗorawa kan kayan mata ba. Kaftani layi ne miƙaƙƙe, yaron da ya yi wata shida yana koyo zai haɗa shi. Rigar mace fa? Yadi shida za a miƙo maka, ka fitar da riga da siket da ɗankwali, furen gaba ya haɗu da na baya a gefe, zif ya kwanta ba tudu. Ina yaro na taɓa yanka wa wata hajiya sufa furen ya koma ƙasa. Sai da na yi sallah guda ba sabon takalmi kafin na gama biya. Hannunka na gani, shi ya sa.

Abin da ya kamata ka ji tsoro daban yake: awo. Nan ne tela ke zubar da mutuncinsa, wani har ya kwana a ofishin 'yan sanda kan zargin da ba shi da shaidar wanke kansa. In mace ta kawo ɗinki, ka fara cewa ta kawo rigar gwaji. In babu, miƙa wa ƙanwarta ko ƙawarta tef, kai ka riƙe biro da littafi. Ko an yi hazo, ƙofar shago a buɗe. Lambar shago za ka bayar, ba taka ba, kuma ban yarda da saƙon dare ba, ko na cewa ɗinki ya kammala ne. Abin da ke cikin littafin awo amana ce, kada in ji adadi ɗaya ya fita zuwa majalisa, ko da wasa. Wanda ya yi wannan na kore shi, ko ɗan cikina ne.

Su kuwa abokan naka, bar su. Lefe na nan tafe, da akwatunan za su zo suna "Habu, taimaka."

Gobe ka zo da wuri. Atamfar nan mai ruwan goro kai za ka yanka, ka shimfiɗa ta ka duba inda furen ya fuskanta kafin ka taɓa almakashi.