Gyaran tukwanen fulawa bayan ɗaukewar damina

"Malam, ruwa ya ɗauke, fulawowin tukwanen gidan da nake kula da su duk sun lalace. Ganye ya yi rawaya, ƙasar ta yi tauri kamar daɓe. Hajiya ta ce ba kuɗin sayen sababbi. Ta ina zan fara?"

Hajiya ta yi maka gata, yaro, domin yawancinsu ba mutuwa suka yi ba, yunwa ce. Wata huɗu ruwan sama yana ratsa tukunya yana fita ta ƙasa, ya wanke takin, ya danne ƙasar. Ko sabuwar fulawa ka dasa a cikin wannan ƙasa, haka za ta koma. Ɗan kuɗin da aka ba ka, ƙasa za ka kashe wa.

Fara da tantancewa. Kankare ɓawon kara da farce. In ka ga kore, tana da rai. In launin ƙasa ne har gindi, tuge ta.

Masu ran, ka ba su ruwa da yamma, washegari ka kifa tukunyar a tafin hannu ka zaro shukar da ƙasarta. In saiwa ta nannaɗe kamar gammo, warware ta da yatsa, ka yanke kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙasa da wuƙa mai kaifi. Saiwar da ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, ruɓa ce ta kwanciyar ruwa. Yanke ta duka, ka duba hujin gindin tukunyar, lallai ya toshe. Buɗe shi, ka ɗora ɗan guntun fasasshiyar tukunya a kai yadda ƙasa ba za ta sake cika shi ba. Kuma duk lokacin da ka rage saiwa, ka rage reshe daidai gwargwado, in ba haka ba ganyen zai nemi ruwan da saiwar ba za ta iya kai masa ba.

Kada ka zubar da tsohuwar ƙasar, sai ta tukunyar da ta yi ruɓa. Farfasa ta ka tankaɗe. Kwano biyu na tsohuwar ƙasa, kwano ɗaya na takin shanu, kwano ɗaya na yashi mai tsakuwa ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka. Takin nan shi ne wurin da yara ke yin ɓarna. Sai wanda ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, ba zafi ba wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa cikin kwanaki, busasshiyar kandilo kuwa gara take gayyatowa. In da sauran canji, sayi takin zamani NPK 15-15-15 na awo, ba buhu ba. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi tukunya mai girman bokitin fenti na lita 20. Binne shi a gefen tukunyar, nesa da kara, ka bi shi da ruwa.

Manyan tukwanen da ba sa ɗaguwa, kwashe ƙasar sama kamar faɗin yatsu huɗu kawai, ka maye da sabon haɗin.

Cike gurbin waɗanda suka mutu ba ya buƙatar ko kwabo. Busassun kawunan ziniya da marigol da ke tukwanen nan iri ne. Murza su, ka yafa, ka rufe da ƙasa kaɗan. Suna tsirowa cikin mako guda, su yi fure wajen wata biyu, wato daidai tsakiyar sanyi. Fulawar nan ta ƙarfe goma, tsinke reshe ka soka a ƙasa kawai, za ta kama. Ciyawar tsauri da na'a-na'a da alobera, raba gindinsu biyu ko uku. Ni dai a ganina, kowane gida ya kamata a bar wa latas da ɗoɗɗoya tukunya biyu, tun da sanyin hunturu ne lokacin latas, kuma Hajiya za ta fi ganin amfanin aikinka a kicin.

Duk wannan ka gama shi a Oktoba, kafin iska ta juya. Abin da ka taɓa wa saiwa ya yi mako ɗaya a inuwa tukuna. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka jera tukwanen a jikin bango ta kudu ko yamma, ka haɗa su kusa da juna. Rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganyen dalbejiya.

Ban ruwa da safe. Tura yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi ka bari sai gobe. Tukunyar yumɓu ta fi ta roba saurin bushewa, kada ka yi musu awo ɗaya. Ruwan wanki mai omo kada ya kusance su. Sau ɗaya a mako ka wanke ƙurar ganye, har bayansa, domin a nan ƙananan jajayen ƙwari ke taruwa in iska ta bushe. In ka ga farin abu kamar auduga a hammatar ganye, narka ƙaramin cokali na sabulun wanka a lita ɗaya ta ruwa, ka fesa da yamma, ka maimaita bayan kwana biyar.