Da An Ɗauke Wuta Sai Ɗana Ya Fashe Da Kuka

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 4. Da zarar an ɗauke wuta sai ya maƙale mini yana kuka, wai Dodo na ƙarƙashin gado. Babansa ya ce shagwaɓa ce, a ƙyale shi. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ki gaya wa maigida tsoron nan na gaske ne. Jariri kan fara ƙyuya wajen wata 8, tsoron duhu da dodanni kuwa tsakanin shekara 3 zuwa 6 ya fi ƙarfi. A wannan shekarun yaro bai gama bambance abin da ya ƙiyasta da abin da yake akwai ba. Rigar da aka rataye a ƙusa, in duhu ya yi, mutum ce a wurinsa.

Ki fara da bakin manya. "Yi shiru ko Dodo ya kama ka", "zan kira mai allura", muna faɗinsu da rana mu manta, shi kuwa da su yake kwana. Haka hirar 'yan bindiga da bidiyoyinsu a waya, da suka zama ruwan dare a gidajenmu na Katsina. Ana ganin yaro na wasa, alhali kunnensa na wurin. Ki roƙi kaka da yayyensa su daina, tatsuniyar Dodo kuma a ajiye ta, Gizo da Ƙoƙi sun isa.

In ya tsorata kada ki ce masa rago. Ki rungume shi, ki ce kin san ya ji tsoro, kina nan. Ki saya masa 'yar tocila ta zama tasa, ya haska ƙarƙashin gadon da hannunsa. Kullum a bi tsari ɗaya: wanka, labari, sai ku karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ku shafa. Ki zauna bakin gadonsa, bayan 'yan kwanaki ki koma bakin ƙofa, sannu a hankali har ya saba.

Amma in abin ya haura wata 6, ko ya soma bayan wani tashin hankali da ya gani, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ki kai shi wurin likitan yara, ko nan Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.