Da gaske Raline Shah ce ke turo min saƙo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun da na kalli fim ɗin Indonesiya mai suna Surga yang Tak Dirindukan nake bin jaruma Raline Shah a Instagram. Na yi sharhi a ƙarƙashin hotonta, sai wani asusu mai sunanta ya turo min saƙo, har muka koma WhatsApp. Yanzu ta ce ta aiko min da kyauta, amma sai na biya kuɗin kwastam. Ita ce kuwa?
Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka tura ko kwabo. Ba ita ba ce, 'yan damfara ne.

Ka duba wace ce wannan baiwar Allah. An haife ta a Jakarta a 1985, ta karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ƙasa ta Singafo, ta shiga gasar sarauniyar kyau ta Puteri Indonesia a 2008, daga nan ta shiga tallace-tallace. Fim ɗin 5 cm na 2012 ne ya fito da ita sosai, wanda ka kalla kuma na 2015 ne, inda ta fito a matsayin Meirose, matar da aka auro ta biyu. A 2017 ta shiga hukumar gudanarwar kamfanin jirgin sama na AirAsia Indonesia, a Janairun 2025 kuma ministar sadarwar ƙasar, Meutya Hafid, ta naɗa ta mataimakiya ta musamman kan hulɗa da ƙasashen waje da wayar da kai game da fasahar zamani. Mai irin wannan matsayi ba za ta bi masu sharhi ɗaya bayan ɗaya tana neman su biya mata kwastam ba.

Yadda 'yan damfarar suke yi ke nan: suna zaune a ƙarƙashin hotunan shahararru suna lura da wanda ya yi sharhi cikin zumuɗi. Sai su kwafi hotunan, su buɗe asusu da sunan da aka ƙara wa ɗigo ko lamba, su ja ka zuwa WhatsApp inda Instagram ba ya ganin abin da ake faɗa.

Ka gwada da kanka. Shiga asusun da ya turo saƙon, danna ɗigo ukun da ke sama, ka buɗe wurin bayanin asusun. Zai nuna maka watan da aka buɗe shi, da ƙasar da yake, da sau nawa aka canja masa suna. Asusun da aka buɗe wata biyu da suka wuce ba na jarumar da ta yi fiye da shekara goma tana fim ba ne. Dubi lambar WhatsApp ɗin ma: ta Indonesiya da +62 take farawa, ko da yake ita ma ana iya sayenta ta intanet, don haka ba hujja ba ce. Ko muryarta suka turo, ko gajeren bidiyo, kada ya ruɗe ka. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna kwaikwayon duka biyun yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne lambobi 6 da WhatsApp ke turowa ta saƙon tes. In sun nemi ka karanto musu, asusunka suke son ƙwacewa su damfari danginka da sunanka. Ka shiga saitin WhatsApp yau ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri da kai kaɗai ka sani, ka kai ƙarar asusun ga Instagram, ka toshe lambar. In kuwa har ka riga ka tura kuɗi, kira bankinka nan take, ka adana hotunan hirar, ka kai su ofishin EFCC.